Ƙamus ɗin Kurubila

Ranar da aka rufe masaƙar Kakuri
kowa ya fita da abin da hannunsa ya kai:
wani ƙunshin zare, wani fanka,
wani bashin albashin wata tara.
Ni ƙamus na ɗauka,
na Kurubila, injiniyan ɗakin rini,
wanda ya koma ƙasarsu tun injuna na numfashi,
ya bar shi bisa taga, bangonsa ya sha shuni.

Shekaru yana tokare da ƙafar gadona.
Sai bana, da ido ya soma yana,
na ce da Zakiru jikana: zaro shi.
Bar manyan baƙaƙen,
karanta min 'yan mitsi-mitsin nan na ƙasa
inda ake tona asalin kalma.

Kaki muka fara nema,
don na ga kaki iya gani a garin nan.
Ashe daga Indiya Bature ya ɗauko ta,
su ma can Farisa suka aro,
ma'anarta launin ƙasa. Shi ke nan.
Duk sitacin nan, duk taƙamar nan a shingen Kawo,
sunan ƙasa suke sawa a jiki,
ita da za ta rufe mu da su baki ɗaya.

Suga kuwa, a tsohon harshensu na Sanskirit
sharkara ce, wai tsakuwa.
Ta rabu biyu a hanya.
Ɗaya ta bi Larabawa, ta iso mana sukari,
ɗaya ta zaga ta Ingila, ta sauka Ikko,
ta hawo jirgin ƙasa.
Yau ga su teburi guda wajen mai shayin Kasuwar Barci,
uwa ɗaya uba ɗaya, ba su san juna ba.
Ni dai likita ya raba ni da su duka.

Shamfu tausa ce kawai.
Bangalo, irin gidajen Unguwar Rimi
da muke wucewa a keke ba ma ɗaga kai,
ɗakin manomin Bangal ne aka yi wa fenti.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Da Rifkatu ta kawo citta daga Kaciya
na tare ta a zaure:
kin san jinjar da masu babbar mota ke saye
sunanta daga Indiya ya taso,
wai don ta yi kama da ƙaho?
Ta juya guda a tafinta, ta ce:
Baba, ko daga wata ya taso,
farashin mudu bai sauka ba.

Akwai wadda ban yi wa dariya ba.
Lut. Wawaso, ganima.
Sun kwashi kayan, sun haɗa da sunan kwasar.
Zakiru na karantawa, ni ina ganin
yadda aka yanka injin ɗina da wutar walda,
aka auna shi a sikeli, kilo-kilo,
aka loda a tirela tsakar dare.
Na ce rufe, ya isa na yau.

Bai rufe ba. Yaro ne.
Ya ce bari ya duba ko Kaduna na ciki.
Ya bi layi da yatsa, sama da ƙasa. Babu.
Na ce bar su, kadojinmu ba sa hawa jirgi,
suna nan ƙarƙashin gada
riƙe da sunan a baki.

Yanzu ƙamus na kan tabarma, gindin darbejiya,
ita ma an ce baƙuwa ce daga can,
ga ta ta fi mu zama 'yar gari.
Gado kuwa rawa yake duk dare,
in na juya ya ce ƙwas.
Iyali ta ce a mayar da littafin inda yake.
Na ce a nemo bulo.
Ko harafi na biyar ba mu gama ba.